Ba Dutse, Ba Kwana: Me Ya Sa Titinmu Ke Cin Rai?

  

Hirarmu ta wannan mako a kan titi take. Duk mai leƙa wayar yayansa ko ta babansa ya taɓa cin karo da bidiyon hanyoyin da suka fi ban tsoro a duniya: ga mota tana rarrafe a gefen dutse, taya ɗaya kamar za ta zame, a ƙasa kuma rami ne wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Mukan kalla mu riƙe baki, mu gode wa Allah da ba a can aka haife mu ba. Mu mutanen Malam Madori da kewayen Haɗeja, ƙasarmu a shimfiɗe take kamar tabarma. In ka cire jigayin yashi da suka ba jiharmu sunanta, babu wani tudun da mota za ta yi nishi kafin ta hau. To in haka ne, me ya sa da wuya zangon karatu ya ƙare ba mu ji ana ta'aziyyar wani da titi ya ci ba? Tambayar da za mu bi ke nan yau.

Hanyoyin da ke tsorata ido

Bari mu fara da waɗanda suka yi suna. A ƙasar Bolibiya da ke Kudancin Amurka akwai tsohuwar hanyar Yungas, wadda mutanen ƙasar suka laƙaba wa suna Hanyar Mutuwa. Ta tashi daga wajen birnin La Paz ta gangara zuwa garin Coroico, tafiyar fiye da kilomita 60, kuma a jikin dutse aka sassaƙa ta a shekarun 1930. A wasu wuraren faɗinta bai wuce mita 3 ba, wato wurin mota ɗaya tak, a gefe kuma ga ramin da zurfinsa ya kai mita 600. Ga hazo, ga ruwan sama, ga ƙasa mai zaftarewa. Bolibiya a hannun dama take tuƙi kamar mu, amma a wannan hanya dole direba ya koma hannun hagu, domin mai gangarowa ya riƙa leƙa tayarsa ta taga ya ga ko nawa ya rage ta bar ƙasa. A 2006 aka buɗe sabuwar hanya, shi ya sa yanzu yawancin masu bin tsohuwar 'yan yawon buɗe ido ne a kan kekuna.

A Italiya akwai hanyar Stelvio, wadda ta hau tsauni har mita 2,757. Ta ɓangaren arewa kaɗai tana da kwana 48, irin wadda sai mota ta juya ta fuskanci inda ta fito. A ƙasar Sin, hanyar dutsen Tianmen tana da kwana 99 a cikin kimanin kilomita 11.

Ba sai mun ƙetare teku ba ma. A Jihar Taraba, duk mai zuwa Gembu sai ya hau tsaunin Mambila ta hanyar da ke naɗe dutse kamar rawani. A Jihar Filato kuma akwai Hawan Kibo, a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, inda manyan motoci kan rasa birki a gangare. Tambayi duk wani direban tirela a tasha, zai ba ka labarinsa.

Akwai kuma hanyoyin da ba su da rami ko dutse, ruɗa mutum kawai suke yi. A birnin Birmingham na Ingila akwai wata mahaɗar gadoji da aka buɗe a 1972, wadda Turawa ke kiranta mahaɗar taliya, saboda in ka hango ta daga sama kamar an juye dafaffiyar taliya a faranti. A garin Swindon, shi ma a Ingila, an yi ƙananan shataletale guda 5 da suka kewaye wani babba a tsakiya. Mu ma in muka shiga Kano muka iso gadar Dangi ko ta Hotoro, inda wata hanya ta bi sama wata ta nutse ƙasa, mun sha ganin direban da ya zo daga ƙauye ya rage gudu yana raba ido, fasinjoji kowa yana nuna masa tasa hanyar.

Tsoro ma yana da ranarsa

Kada a fahimce mu a baibai, hanyoyin duwatsu suna cin rai sosai. Amma akwai abu guda da suke yi wa direba: suna nuna masa haɗarin ƙuru-ƙuru. Wanda yake ganin rami a gefen tayarsa ba ya danna waya, ba ya gyangyaɗi, ba ya tsere da kowa. Shataletalen Swindon, duk da ruɗaninsa, an san shi da ƙarancin munanan haɗura, domin kowa a hankali yake shiga.

Ga wani misali daga tarihi. Ranar 3 ga Satumba, 1967, ƙasar Suwidin ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, irin sauyin da Najeriya ta yi a 1972. Mutane sun zaci za a yi ta karo. Sai ga shi haɗura sun ragu a watannin farko, saboda kowa a tsorace yake tuƙi. Da aka saba, tsoro ya fita, cikin kimanin shekara biyu lissafin ya koma inda yake.

Yanzu mu dawo gida. Garinmu na Malam Madori da jirgin ƙasa ya tashi. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ta nan ya bi, nan ce tashar da ke ɗauke wa ƙasar Haɗeja gyaɗarta, har dalar gyaɗa an yi a garin. Yau nauyin duk ya koma kan kwalta. Shinkafa da tattasai da kifin Haɗeja, da riɗi, da shanun kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, da kayan kasuwar Gujungu, da man fetur mai tafiya Nguru, duka a mota suke. Titin kuma a miƙe yake ɗoɗar, direba yana hango nesa, babu abin da ke ce masa ya ɗaga ƙafa. A nan matsalar take. Titinmu yana da nasa ramuka, sai dai ido ba ya ganinsu. Bari mu ƙirga guda uku.

Rami na farko: gudu

'Yan ajin kimiyya, ku ɗauko biro. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta daki abin da ba ya motsi, ƙarfin bugun daidai yake da a ce ta faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato bene mai hawa 3. Idan gudun ya zama kilomita 100, tsayin yakan koma kusan mita 39, bene mai hawa 13 ke nan. Ku lura, gudun sau biyu aka ninka, amma tsayin ya ninku sau huɗu. A gudun kilomita 120 kuwa, wanda ba baƙon abu ba ne a hanyar Kano, kamar an wurgo mutum ne daga sama da mita 55. Ashe ba ma buƙatar tsaunin Bolibiya. Ƙafar direba tana iya gina mana nata tsaunin a tsakanin Malam Madori da Gumel.

Haka lissafin tsayawa yake. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga akuya ya kai ƙafarsa kan birki, aƙalla daƙiƙa guda ta wuce. In ka haɗa da jan birkin, ko da titin a bushe yake kuma tayoyin masu kyau ne, sai motar ta ci fiye da mita 80 kafin ta tsaya, kusan tsawon filin ƙwallo. A gudun kilomita 50, kimanin mita 28 ya ishe ta.

Sai mu ƙara da dare. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska abin da ya wuce kimanin mita 50 zuwa 60. Ke nan mai gudun 100 da dare, duk abin da fitilarsa ta nuna masa, ya riga ya makara. Me ke kan titinmu da dare? Amalanken shanu mai dawowa daga fadama ba fitila, garken dabbobi mai tsallakawa, babur mai ɗauke da mutum huɗu, tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a baya maimakon alama mai ƙyalli. Da rana kuma, lokacin kaka, ga shanyar amfanin gona a gefen kwalta, ga ƙannenmu masu talla suna bin mota da gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku sake karanta shekarun nan. Mu ne a ciki, da ku, da ƙannenmu 'yan firamare.

Rami na biyu: ruwa a kan titi

Kogin Haɗeja daga Jihar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suke haɗuwa. A can sama akwai madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa da aka gama a 1992. Da kogin ya iso ƙasarmu, sai ya rasa gangare, ya rarrabu ya bazu cikin fadamu ta wajen Auyo, Haɗeja, Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru. Wannan ruwa shi ne arzikinmu, shi ke ba mu shinkafa da kifi. Amma ciyawar kachalla da yashi sun toshe hanyoyinsa da yawa, don haka in damina ta yi ƙarfi a Agusta da Satumba, sai ya nemi wata hanyar. Sau da yawa titi ne yake samu.

Ba mu manta da 2022 ba, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Mun ga yadda matasan Haɗeja suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga don kada ruwa ya ci gari. A watan Agustan 2024 kuma, ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauci, maƙwabtanmu. In ruwa zai iya raba irin wannan titi gida biyu, ina ga ƙananan hanyoyin ƙauyukanmu?

Abin da ya sa ruwan kan titi yake yaudara shi ne, a ido lafiya lau yake, har yara na wasa a bakinsa. Amma ruwa nauyi gare shi: wanda zai cika akwati mai mita guda ta kowace fuska ya kai tan guda. Masana yanayi a Amurka sun yi gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30, tsawon rular da ke cikin jakarku, yana iya tafiya da ƙaramar mota. Santimita 60 kuwa har manyan motoci yana ɗauka.

Wani abin kuma, titunan fadama a kan cikon ƙasa ake gina su, a sa kwalbati a ƙasa don ruwa ya wuce. In ruwa ya fi ƙarfin kwalbatin, ta ƙasa yake fara cin cikon. Sai ka ga kwalta a sama sumul, alhali ƙarƙashinta kogo ne. Mai babur ya ce jiya ma ya wuce ta nan, ya manta cewa ruwa bai yi barci ba daren jiya. Idan hanya ta yanke aka koma kwale-kwale, a nan ma wani haɗarin yake jira: lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare, ga babu rigar kariya. Kasancewarmu 'ya'yan bakin kogi masu iya iyo bai sa mun fi ƙarfin ruwa mai gudu ba.

Rami na uku: tankar da ta faɗi

Wannan shi ne mai ciwon faɗa. A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya, Ƙaramar Hukumar Taura, a kan hanyar da da yawanmu muke bi in za mu Kano. Mai ya malala cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki. Can wuta ta tashi. Fiye da mutum 180 suka rasu, da yawansu matasa ne, washegari aka yi wa da dama jana'iza a kabari guda. Waɗanda suka ƙone aka rarraba su asibitoci, ciki har da na Ringim da na Haɗeja. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Wata uku bayan nan, ranar 18 ga Janairu, 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, mutane da dama suka salwanta.

Ba mu kawo wannan don mu zargi mamata ba. A lokacin litar fetur ta kai naira 1,000, kuma kowa ya san halin da gidaje suke ciki. Mun kawo shi ne don akwai ilimin da ya kamata kowane ɗalibi ya kai gida. Abin da ke kamawa da wuta a fetur shi ne tururinsa. Tururin nan ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana rarrafe, ya taru a kwata da ramuka, ya yi nisa da inda tankar take, kuma ido ba ya ganinsa. Tartsatsi ɗaya ya isa: sigari, tayar da babur, bokitin ƙarfe da ya gogi kwalta. Wanda ya zo kallo da wanda ya zo ɗiba, wuta ba ta bambance su. In har hancinka yana jin warin fetur, to ka riga ka matso da yawa.

Daga 1 ga Maris, 2025, gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 yin lodi. Mataki ne mai kyau, amma ƙananan ma in suka faɗi sun isa su tashi unguwa.

To mu me za mu iya?

Wani zai ce, mu ɗalibai ne, ba mu da mota, ba mu da lasisi. Gaskiya ne gyaran titi, da yashe kogi, da sa alamomi, da hukunta masu ganganci aikin hukuma ne, kuma muna kira ga shugabanninmu da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, su ƙara ƙaimi a yankinmu. Amma akwai abin da ke hannunmu.

Na ɗaya, bakinmu. In direba yana gudun wuce sa'a, a yi masa magana cikin ladabi: "Baba direba, don Allah a ɗan sassauta, ba ma sauri." Sau da yawa kowa a motar yana jin tsoro, kunya ce ta hana shi magana, da mutum ɗaya ya fara sai saura su mara masa baya. Kada kuma mu zama masu zuga direba ya wuce ta gabansa. In an ce mana ai komai ƙaddara ce, mu tuna malamanmu sun koya mana cewa tawakkali yana tafiya ne tare da ɗaukar mataki.

Na biyu, babur. Doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 18 ba ya yi tuƙi, amma mun san yadda ake yi ranar biki da ranar Sallah da ranar gama jarrabawa: a ari babur ɗin yaya, a ɗauki abokai uku, a saki hannu don 'yan mata su gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6. Zafinta na ɗan lokaci ne.

Na uku, tafiyar ƙasa. In babu gefen masu tafiya, mu bi hannun da za mu riƙa fuskantar motocin da ke tahowa. Da dare a sa kaya masu haske ko a riƙe tocila. A cire abin jin kiɗa daga kunne kafin a tsallaka, a kuma riƙe hannun ƙanne.

Na huɗu, ruwa. In ya rufe titi har ba ka ganin kwalta, kuma yana gudu, a juya. Makara a makaranta bulala ce ko shara, gobe an manta. In dole sai an shiga kwale-kwale, kada a shiga wanda ya cika, kada a shiga bayan magariba.

Na biyar, tanka. In ta faɗi, a yi nesa da ita sosai, a nufi ɓangaren da iska ke tahowa, a guji kwata da gangare. Kada a tsaya ɗaukar hoto. A ja ƙanne da abokai a tafi da su, a sanar da manya, a kira 122, lambar jami'an kiyaye haɗura, ko 112 ta gaggawa. Wanda ya hana abokinsa zuwa ɗibar mai, ko da sun ɓata a daren, ya yi masa abin da ba zai iya biya ba.

Na shida, kada mu hau saman lodi. Tirelar shanu ko motar buhuna ta fi arha, amma ranar da ta karkace, na sama ne ke fara isa ƙasa.

Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mun gani a Majiya, mun gani a daminar 2022, muna kuma gani a titin da ya ratsa garinmu. Mutanen Bolibiya dutsensu ne yake tuna musu su yi hankali. Mu da ba mu da dutse, sai mu riƙa tuna wa juna.

Tambayar mako

Motar haya tana gudun kilomita 80 a awa. In ta yi karo da bango, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita nawa? Ga hanya: ku mayar da gudun zuwa mita a daƙiƙa ta hanyar raba shi da 3.6, ku ninka amsar da kanta, sannan ku raba da 20. In kun samu, ku raba da 3 ku ga bene mai hawa nawa ne. Ku aiko da amsa tare da sunanku da ajinku da makarantarku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace. Ku kuma gaya mana wane wuri ne a hanyar makarantarku ya fi ba ku tsoro, kuma me kuke ganin ya kamata a yi a kansa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare mana hanya.